Gudajje: Sunan da Mai Riƙo Ya Raɗa

A ƙauyukan Kano da Jigawa har gobe ana jin kalmar gudajje, sai dai ba kowane mai gudu ake jifa da ita ba. Ɓarawon akuyar da aka biyo da ihu a kasuwar Wudil ya ranta a na kare, ba wanda zai ce masa gudajje. Ɓarawo ne kawai da ya sha. Magidancin da ambaliya ta cinye garinsu a ƙasar Auyo, ya kwashi iyalinsa ya koma kan tudu, shi ma ba a kiransa haka. Wanda masu garkuwa suka tare a dajin Falgore, Allah ya ba shi sa'a ya sulale musu da tsakar dare, cewa ake ya kuɓuta, mutane su yi ta tururuwar zuwa yi masa barka da arziki. Amma almajirin da ya bar tsangaya ba sallama, da yarinyar da aka kai ɗakin mijin da ba ta so ta haura danga kafin asuba, da sojan da ya tuɓe kaki ba izini, waɗannan ba a ɓata lokaci wajen raɗa musu suna. Wannan gudajje ne, waccan gudajjiya ce.

Dukkansu da ƙafa suka yi abin da suka yi. Abin da ya raba su shi ne matsayin wanda suka baro a baya. In jama'a na ganin mai riƙon ba shi da haƙƙin riƙewa, sai a ce an kuɓuta. In kuwa ana ganin yana da haƙƙi, sai a ce gudajje. Ke nan duk wanda ya furta kalmar ya riga ya yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya tsakanin mai tafiya da wanda aka guje wa, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma ta daɗe tana wannan aiki, tun zamanin da ake cinikin mutum a kasuwa.

Tushenta a fili yake, daga gudu ta fito. Hausa tana da hanyar ƙera siffa daga aikatau ta hanyar ninka baƙin ƙarshe: dafa ta ba da dafaffe, gyara ta ba da gyararre, cika ta ba da cikakke. Idan baƙin nan d ne, ko t, ko s, sai ya sauya kama a gaban wasalin e ko i. Shi ya sa muke cewa matacce amma matattu, fasasshe amma fasassu, gadajje amma gadaddu. Haka gudu ta haifi gudajje ga namiji, gudajjiya ga mace, a jam'i kuma gudaddu, inda d ɗin ya koma mazauninsa. Sauyin nan shi ne dai muke ji kullum tsakanin "ya gudu" da "ya guje ni".

Wannan ƙira ba ta mai sana'a ko mai aikata abu ba ce. Shi yana da tasa daban: manomi, maƙeri, mahauci, matafiyi. Ita wannan ta abin da wani hali ya riga ya tabbata a kansa ce, har ya zama da shi ake gane shi. Mai gudu in ya tsaya ya huta, ya daina zama mai gudu. Gudajje kuwa ko ya shekara goma a wani gari, ya yi gona, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, a bakin wanda ya baro sunansa bai canza ba. Fasasshen tulu ko an ɗinke shi da ƙaro, mai saye zai ce a rage masa kuɗi, haka aka ɗauki wanda ya taɓa gudu.

Af, tun da an zo nan, akwai masu cewa Bamaguje ma daga guje ya samo suna, wai Maguzawan da ke ƙasar Kano da Katsina sun guje wa salla ne. Zance ne mai daɗin faɗa a majalisa, amma masana harshe sun fi karkata ga cewa daga majusu ta Larabci aka aro sunan, wato matsayin da aka ba su domin a karɓi jiziya a hannunsu a bar su da addininsu. Kamar sauti ce ta ruɗi mutane.

Kalmomin barin wuri da sauri kuwa Hausa ta tara su jingim: ya arce, ya fece, ya sulale, ya cika wandonsa da iska, ya yi layar zana, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Yawancinsu da raha a ciki. Masu nauyin su uku ne, gudu da tserewa da kuɓuta, kuma ba daidai suke ba. Gudu yana faɗar barin wuri ne kawai. Tserewa tana nuna an bi mutum ba a cim masa ba. Kuɓuta ita ce ta ce abin da ya riƙe shi sharri ne, kuma ya fita. Karin maganar nan ta an gudu ba a tsira ba tana nuna Bahaushe ya san tazarar da ke tsakani. Da an so, ana iya cewa tserarre ko kuɓutacce, harshe bai hana ba. Amma wadda ta kama bakin mutane ita ce mafi ƙarancin tausayi a cikin ukun, domin masu bayi ne suka fi yawan buƙatar furta ta.

A ƙarni na 19 ƙasar Kano cike take da gandaye da rinjoji, wato manyan gonaki da ƙauyukan bayin da ke noma su. Sarki yana da nasa a Fanisau da Dorayi da Nasarawa da Takai da sauran wurare, hakimai da attajirai su ma suna da nasu. Bawan gandu yakan yi wa ubangijinsa noma daga hantsi zuwa azahar, sauran yinin ya ba gayaunarsa. Bayin kuma hawa-hawa ne. Akwai na fada masu sarauta irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda ɗa ma, wato wanda ba bawa ba, yake faɗuwa ya gaishe su. Irin waɗannan gudu zuwa ina? Akwai cucanawa, waɗanda aka haifa a gidan, ba su san wani gari ba, kuma al'ada ta ƙyamaci a sayar da su. Sai na ƙasan duka, sabon kamu, wanda aka ɗauko jiya daga duwatsun Bauci ko Adamawa ko kudancin Zazzau, har yanzu yana mafarki da harshen uwarsa. Shi ne ya fi kowa dalilin gudu, shi ne kuma ya fi kowa wuyar sha.

A duba abin da ke gabansa. Da rani fili fetal ne, an girbe dawa, mai doki yana hango mutum daga nesa. Da damina karan dawa ya rufe mai tafiya, amma rafuka sun cika, sawu kuma yana fita raɗau a jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ya yi tafiyar dare ya kwanta da rana, ƙishirwa za ta kai shi bakin rijiya, a bakin rijiya kuwa akwai mutane. Garuruwa da ganuwa suke, ƙofa da mai tsaronta, baƙo kuma ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba. Da ya buɗe baki Hausarsa za ta tona shi. Ko bai yi magana ba, tsagar fuskarsa ta riga ta yi, domin a zamanin nan ana karanta asalin mutum a kumatunsa. Bayin gidan sarautar Kano ma suna da tasu, uku-uku. Shi kuma ubangijin ba ya zaune, ya bayar da cigiya kamar yadda ake yi wa saniyar da ta ɓace, an faɗi kamanni, an yi alkawarin tukuici. In an kamo shi, mari ne a ƙafa, ko a kai shi birni gidan Ma'ajin Watari inda ake horar da bayin da suka gagara, ko a sayar da shi ga fataken da za su ƙetara hamada da shi. Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin a shekara da kusan 5,000. Tsoron shiga cikin wannan ayari ya zaunar da mutane da yawa, ya kuma tayar da wasu tun kafin a kai su kasuwa.

Ba a kasuwa da gandu kaɗai kalmar ta samu gindin zama ba, har da zaure. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a gaban malami, a Ringim ne ko a Gaya, ya gamu da kalmar abiƙ, wadda a fassarar zaure gudajjen bawa ake ce mata. A babin ciniki an jera abubuwan da bai halatta a sayar ba saboda garari, wato rashin tabbas: kifin da ke cikin kogi, ɗan tayin da ke cikin uwarsa, gudajjen bawa, da raƙumin da ya ɓalle. An sake haɗa bawan da raƙumin a maganar ji'ala, ladan da ake sa wa wanda ya dawo da abin da ya ɓace. Fiƙihun Malikiyya kuma ya lissafa halin gudu cikin aibobin da in mai saye ya gano an ɓoye masa, yana da damar mayar da bawa ya karɓi kuɗinsa. A nan ne ƙirar Hausa da hukuncin littafi suka haɗu suka yi daidai: gudu ya tashi daga abin da mutum ya yi rana ɗaya, ya koma tambari mai rage masa daraja a hannun dillali.

Tushen Larabcin nan ya zo a Alƙur'ani sau ɗaya, a Suratus Saffat aya ta 140, kuma a kan Annabi Yunusa ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da ya nufi jirgin da aka cika da kaya. Masu tafsiri sun ce an yi amfani da shi ne saboda ya bar mutanensa kafin Ubangijinsa ya yi masa izini. Wannan ya fito da ƙwayar ma'anar sarai: tafiya ba da izinin wanda yake da ikon bayar da izini ba. Saurin ƙafa ba ya cikin lissafi.

To amma wa ke da wannan iko? Nan ne gizo ke saƙa, kuma malaman ƙasar nan ba su kauce wa tambayar ba. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya amsa tambayoyin da aka aiko masa a kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Ya ce launin jiki ba dalilin bauta ba ne, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne da bai halatta a mallake su ba, ya kuma goyi bayan a karɓi maganar wanda ya ce shi ɗa ne daga irin waɗannan ƙasashe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Wasiƙatu Ahlis Sudan ya ce bautar da ɗa Musulmi haramun ne bisa ijma'i. Cikin abubuwan da suka hura wutar jihadi akwai harin da rundunar Gobir ta kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, ta taso ƙeyar kamammu ta biyo da su ta kusa da Degel, almajiran Shehu suka kwance su. Bayan haka ba da daɗewa ba aka yi hijira, a Fabrairun 1804. Da Sarkin Gobir Yunfa za a tambaya, ai waɗannan gudaddu ne. Tarihi kuwa masu hijira ya kira su, saboda su suka yi nasara kuma su suka riƙe alƙalami.

Nasarar ba ta kashe matsalar ba. Malam Abdullahi ƙanen Shehu, wanda ransa ya ɓaci da halin wasu jagorori har ya bar sansani ya iso Kano, ya yi kuka a waƙoƙinsa na Tazyinul Waraƙati da masu sayar da ɗa a kasuwa. Daga baya ga hare-haren Sarkin Haɗeja Buhari a tsakiyar ƙarnin, ga na Maraɗi da Damagaram daga arewa, ga basasar Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a Kano a 1893. A kowanne an kama 'ya'yan Musulmi an sayar. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda aka yi cigiyarsu da sunan gudaddu, in da za a bi shari'ar da masu cigiyar suke karantawa, mutane ne da aka sace suna ƙoƙarin komawa gida. A yau da barka da arziki za mu yi musu. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim mai tsoratar da bawan da ya gudu daga ubangijinsa ya yawaita a bakin masu gandu, amma sharaɗin da ke gabansa, wato a tabbatar mallakar ta halal ce tun farko, ba su cika son a tono shi ba.

Wanda ya sha, ina zai nufa? A kudu maso gabashin Kano akwai duwatsun Ningi. Wajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka tashi daga Tsakuwa saboda saɓani da hukumar Kano a kan haraji, suka shige can, suka haɗa kai da mutanen dutse kamar Butawa da Warjawa, suka kafa ikon da ya hana Kano da Bauci da Zazzau barci shekara da shekaru. Su kansu masu kafa Ningi, a idon fada, gudaddu ne. Bayin da suka tsere sun samu mafaka a can. Sai dai Ningawan su ma da kamu suke rayuwa, kuma garuruwan kudancin masarautar, daga wajen Rano zuwa Birnin Kudu, sun sha ɗanɗana harinsu. Dutsen da ya ɓoye wani shi ya haɗiye ɗan wani.

Akwai kuma ƙofar da ba ta gudu ba, wadda tsarin da kansa ya buɗe: murgu da fansa. A murgu bawa yana fita ya yi sana'arsa, dako ko rini ko ƙira, ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu da aka yanka. In ya tara, ya nemi a yanka masa kuɗin fansar kai. A ganina wannan ƙofa ce ta ƙara wa kalmar gudajje ɗaci, domin ta ba masu bayi abin faɗa: ga hanya an buɗe maka, ka ƙi bi, ka zaɓi haura katanga. Ba sa faɗar cewa makullin ƙofar a aljihunsu yake, su ke yanka kuɗin, su ke da ikon cewa a'a.

Zuwan Turawa ya girgiza komai, amma ba yadda aka saba ba mu labari a aji ba. A 1901 Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya yi shelar da ta hana kamu da cinikin bayi, ta soke matsayin bauta a gaban kotun Turawa, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. A lokacin ko Kano ba su ci ba, sai a Fabrairun 1903. Da labari ya bazu cewa ikon sarakuna ya karye, bayi suka yi ta watsewa daga gandaye, wasu ɗaiɗai, wasu rinji guda. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa a Daular Usmaniyya akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5 a wajen 1900, kuma kimanin 200,000 sun gudu a shekarun cin ƙasar da kaɗan bayansu. Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa kuma aka rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, ta ba da labarin yadda bayin rinjinsu suka tafi, gona ta koma hannun 'ya'yan gida.

Wannan watsewa ta tsorata Turawan kansu. Da sarakuna suke son yin mulki, arzikin sarakuna kuwa a gandu yake. Sai manufa ta juya: ba za a ce bauta halal ce ba, amma ba za a sauƙaƙa wa mai gudu ba. Aka hana a ba shi gona a inda ya sauka, aka riƙa korarsa daga bariki da sunan zaman banza, aka nuna masa kotun alƙali a ce ya je ya fanshi kansa. Abin da ya faru a Satiru kusa da Sakkwato ya ƙara musu tsoro. A Fabrairun 1906 talakawan da suka taru a garin, da yawansu bayi ne da suka tsere, suka karya rundunar Turawa da fartanya da gatari. A Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000. Daga nan gudajje ya zama abin tsoro ga Bature da basarake baki ɗaya. Abin da ya kwance mutane da yawa a ƙasar Kano a ƙarshe shi ne gyaɗa: jirgin ƙasa ya iso a 1911, ciniki ya buɗe a 1912, kuɗi ya shiga hannun mai gayauna, ya samu abin biyan fansa. Dokar da ta soke bauta ɗungurungum a Arewa sai a 1936 ta zo.

Bayi sun ƙare, kalma ba ta mutu ba, sai ta nemi sababbin masu ɗauka. Inda ta fi dacewa a yau shi ne kurkuku da bariki. Fursunoni sama da 800 da suka fice lokacin da aka fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, in an ce musu gudaddu ba a zalunce su da suna ba, domin hukuma ce ta riƙe su bisa doka, ko da yake 'yan jarida sun fi son cewa waɗanda suka tsere. A ɗaya gefen kuma, cikin 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, 57 sun diro daga mota ko sun sulale a daji tun a kwanakin farko, kuma kunnen Bahaushe ba zai karɓi a ce musu gudaddu ba. Waɗannan gefuna biyu ba su da gardama. Rigimar tana tsakiya, a cikin gida, inda riƙo yake zuwa da rigar tarbiyya.

Ga yadda takan kasance. Yaro ɗan shekara tara ya iso gida bayan isha, ƙafa duk faso, ya biyo motar kasuwa rabin hanya ya ƙarasa da ƙafa. Uwa ta zuba masa tuwo ba ta ce komai ba, tana kallon yadda yake ci hannu baka hannu ƙwarya. Da safe uban ya ɗora shi a bayan babur sai tsangaya.

"Allah gafarta Malam, ga ɗanka na dawo da shi. A yi haƙuri."

"Ba komai, Alhaji. Ai gudajje ne, ba yau ya fara ba. Gardi zai sa masa ido."

Da wannan kalma ɗaya an rufe bincike. Ba wanda ya ɗaga rigar yaron ya ga bayansa, ba wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da ƙoshi. Mai yiwuwa ƙiriniya ce kawai da kewar uwa, wannan ma ana yi, kuma malaman tsangaya da yawa suna riƙe 'ya'yan mutane da amana cikin talaucin da su ma ya dame su. Amma sunan ya hana a bambance mai ƙiriniya da wanda ake cuta. Kuma duk inda aka yarda da sunan, ƙarfen da ke rakiyarsa ba ya nisa. Gidajen marin da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da wanda aka buɗe a Daura a watan Oktoba na shekarar, sun nuna wa duniya ƙafafu da irin marin da kakanninmu suka sani. Yawancin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu.

Ta fuskar mata abin ya fi sarƙaƙiya, domin al'ada ta ware wa matar aure irin nata gudun da aka yarda da shi, wato yaji. Mai yaji gidan iyayenta take nufa, ko gidan wani babba a dangi, kowa ya san inda take, miji ya aiko biko, a zauna a ji ta bakinta, wani lokaci har a ci shi tarar zane. Ba a ce mata gudajjiya. Wadda ake kira haka ita ce wadda ta san gidan uban ba mafaka ba ne, saboda shi ya bayar da ita kuma shi zai mayar, sai ta wuce inda biko ba ya kaiwa: tasha, birni, wata jiha. Daga nan sai a ce ta shiga duniya, a ɗora mata laifin duk abin da ya same ta a can. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, haka muke faɗa a kan jarumai a fagen fama, amma ba mu cika tuna shi a kan 'yar shekara goma sha huɗu ba.

Aure ba bauta ba ne, kuma shari'a ba ta taɓa ɗaukarsa haka ba. Sai dai kalmomin da ke kewaye da fita daga cikinsa sun yi tarayya da na wancan zamani. Khul'i a bakin Bahaushe shi ne mace ta fanshi kanta, ta mayar da sadaki a sawwaƙe mata, kuma lafazin fansar yana cikin aya ta 229 ta Suratul Baƙara. A farkon mulkin Turawa ma kotunan alƙalai sun yi ta sauraron shari'o'in fansar bayi, mafi yawansu na mata, sau da yawa wani namiji ne ke biyan kuɗin domin ya aura. Malikiyya ta ba uba ikon aurar da budurwarsa, amma ta ba alƙali ikon raba auren da cutarwa ta tabbata a cikinsa, ba tare da matar ta biya ko sisi ba. Wannan hukunci na biyu bai kai na farko yawo a ƙauyuka ba. Yarinyar da ta san da shi, ko ta samu gwaggo ko kawun da ya sani ya raka ta kotun shari'a a Gumel ko a Rano maimakon tasha, magatakarda zai rubuta ta a matsayin mai ƙara, a aika wa mijin sammaci ya zo ya yi bayani.